Yadda Ake Shiga Tseren Keke Na Cikin Gari a Katsina, Daga Rajista Har Layin Ƙarshe

Wanda ya tashi a Katsina da keke a ƙarƙashinsa, yana kai aike daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Guga ko yana zuwa makaranta kullum, ba ƙarfin ƙafa ya rasa ba. Abin da bai saba da shi ba shi ne tuƙi a tsakiyar mutum ɗari biyu, kowa na gudun kilomita 30 a awa, tayar wani na gabansa taku ɗaya, gwiwar hannun wani na gogar tasa, ga shataletale na tahowa. A nan ake faɗuwa, a nan kuma ake ƙone ƙarfi a banza tun ba a yi nisa ba. Don haka duk shirin da za ka yi, na keke da na jiki da na abinci, ka yi shi da nufin abu ɗaya: ka iya zama cikin ayari lafiya har ƙarshe.

Tseren gama-gari shi ne wanda ake buɗe wa kowa ƙofa, ɗalibi da ɗan kasuwa da ƙwararre, a tashe su a titi ɗaya. Mafi shahara a nahiyarmu shi ne na birnin Cape Town a Afirka ta Kudu, wanda aka fara a 1978, ana yin sa a watan Maris, tsawonsa kusan kilomita 109. Harkar keke kuwa tana ƙara ɗaukaka a Afirka. Biniam Girmay ɗan Eritiriya ya ci zango uku a gasar Tour de France ta 2024, a shekarar ce kuma Ese Ukpeseraye ta wakilci Najeriya a tseren keke na Olamfik a Faris, sannan a Satumbar 2025 aka yi gasar duniya a Kigali, karo na farko a Afirka. Irin tseren da ake shiryawa a garuruwanmu ya fi zama tsakanin kilomita 20 zuwa 60, wani lokaci zagaye ɗaya, wani lokaci a maimaita gajeren zagaye sau da yawa. Lissafin da ke ƙasa na mai shirin kilomita 40 zuwa 60 ne.

Rajista da tambayoyin da ba a bari

Da zarar an fitar da sanarwa, ka nemi takardar ƙa'idoji ka karanta ta da kanka, kar ka dogara da abin da aka faɗa a majalisa. Ka san tsawon hanya da yawan zagaye, da rukunin da za ka shiga, domin akan raba maza da mata, yara da manya da dattawa, wani lokaci kuma a ware masu keken tsere da masu keken gida. Ka san lokacin da ake rufe hanya ga 'yan baya, da wuraren ba da ruwa, da ko akwai motar asibiti. Wanda bai kai shekara 18 ba akan nemi sa hannun mahaifi ko waliyyi.

Tambayar da ta fi kowace nauyi ita ce: za a rufe titin gaba ɗaya, ko hannu ɗaya kawai, ko ba za a rufe ba sai dai jami'ai su tsaya a mahaɗa? Ko da an ce an rufe, 'yan sanda da jami'an kiyaye haɗurra da na KASSAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar titi ta jihar Katsina, ba za su iya tsare bakin kowane lungu ba. Ɗan acaba zai fito, mai Keke Napep zai yi kwana, akuya za ta tsallaka. Ka hau titin da wannan a ranka.

Kafin ka fara atisaye mai tsanani, idan ka haura shekara 35, ko kana da hawan jini, ciwon suga, asma, sikila, ko ka taɓa jin ciwon ƙirji ko jiri yayin aikin ƙarfi, ka ga likita tukuna. Wanda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar a makon tsere ya haƙura da wannan karon. Zuciyar da ba ta gama murmurewa ba ba a sa ta gudun awa biyu a rana.

Keken da za ka hau

Keken tsere mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai ya fi kowane gudu, kuma ana samun na hannu a wajen masu sayar da kekunan gwanjo. Amma keken da ya yi daidai da tsawonka, birkinsa na kamawa, ya fi keken tsada da ya yi maka girma. Idan keke mai giya da faffaɗar taya gare ka, cire tayoyin nan masu ƙuraje ka sa masu sulɓi na inci 1.5, za ka ji bambanci tun a kilomita ta farko. Idan kuwa baƙin keke ne irin su Phoenix ko Raleigh, kuma an yarda a shiga da shi, to cire kariya da jak da kwando, ka sa bakanike ya duba kusar da ke riƙe hannun feda, domin ita ce ke fara sassautawa idan aka taka da ƙarfi. Ka sani kuma birkin sanda a kan gargaren ƙarfe ba ya kamawa da wuri, musamman idan titi ya jiƙe, don haka tazararka da na gaba sai ta fi ta kowa.

Tsayin sirdi shi ne gyaran da ya fi kawo sauyi, ga shi kyauta. Yawancin mutane a garin nan suna hawa da sirdi a ƙasa don ƙafa ta taɓa ƙasa idan an tsaya. A tsere wannan yana cinye cinya kuma yana sa ciwon gaban gwiwa. Ka jingina da bango, ka zauna, ka ɗora diddige a kan feda tana can ƙasa. Ƙafar ta miƙe sak ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwashe, daidai ke nan. Mai son lissafi ya auna daga ƙasa zuwa matsematsinsa ba takalmi, ya ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne nisan saman sirdi daga tsakiyar sandar da hannayen feda ke juyawa a kanta. Mai santimita 80 zai sami kusan 70.6. Idan sauyin da yawa ne, ka riƙa ɗagawa da rabin santimita duk bayan fita biyu. Ciwo a bayan gwiwa alama ce ta an wuce gona da iri.

Iskar taya ba a cika ta har sai ta zama dutse. Mai nauyin kilo 70 a kan taya mai faɗin milimita 25 zai sa tsakanin 80 da 90 a geji, a ma'aunin iska na PSI, a kan mai 28 kuma tsakanin 65 da 75, ta gaba ta gaza ta baya da kamar 5. Tayar inci 1.5 tana son 50 zuwa 60. Idan iska ta yi yawa keken zai riƙa tsalle a kan kwalta mai gargada, ya ƙi riƙe ƙasa a kwana. Idan ta yi kaɗan, da ka daki bakin rami gargare zai cije tub ya yi masa huji biyu kusa da juna. Kekunan tsere da yawa siririn bawul gare su wanda bututun mai faci ba ya kamawa, saboda haka ka mallaki famfonka ko ɗan ƙaramin mahaɗin da ake ɗaurawa a bakin bawul ɗin.

Sarƙa kuma ƙura ce abokiyar gabarta. Baƙin mai da ake zuba mata yana tara ƙasa, ƙasar ta zama kamar dutsen wasa wuƙa tana cin haƙoran giya. Ka wanke ta da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe sarai, ka ɗiga mai mara kauri a kowace gaɓa, ka juya feda baya sau ashirin, sannan ka goge bayanta da tsumma har ta daina ɓata hannu. Don sanin ko ta miƙe, ka auna daga tsakiyar wata ƙusa ka ƙirga ƙusa 24 gaba. Sabuwar sarƙa santimita 30.5 za ta ba ka. Idan ta ƙaru da milimita ɗaya da rabi a canza ta, idan ta kai uku to haƙoran baya ma sun tafi, sabuwar sarƙa za ta riƙa tsallakewa a kansu.

Sauran dubawa ba su da wuya. Ka matse birkin gaba ka jijjiga keken gaba da baya, in ka ji ƙwas-ƙwas a wuya to boris ya saki. Ka juya kowace taya ka ga ko tana gogar robar birki. Ka matsa wayoyin taya biyu-biyu ka ji wadda ta yi laushi. Wayar birki da ta fara tsintsinkewa a canza ta. Duk wannan a gama shi saura kwana goma, don ka sami damar hawa sau uku ko huɗu bayan gyara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Hular kwano ta keke wajibi ce, kuma tsere mai tsari ba ya barin kowa ya tashi ba ita. Ta zauna daidai a kai, gabanta yatsa biyu sama da gira, igiyarta ta bar wurin yatsa ɗaya ko biyu a ƙarƙashin haɓa. Hular da ta taɓa dukan ƙasa ta gama aiki ko da ba ka ga tsaga ba, domin soson cikinta sau ɗaya yake shan duka. Wando mai soso a mazaunai ana sa shi ne kai tsaye a jiki, da ɗan basilin a inda fata ke goga, kuma ba laifi ka ɗora dogon wando mara nauyi a kansa muddin ƙafarsa ta tsuke. Mata su zaɓi gajeren hijabi da za a cusa cikin riga. Duk tufar da ke kaɗawa tana iya shiga sarƙa ko tayar baya, kuma a guje wannan faɗuwa ce mummuna. Ka ƙara da safar hannu, da tabarau saboda ƙura da ƙwari.

Mako takwas na atisaye

Makonni uku na farko na gina numfashi ne. Ka fita sau uku a mako na minti 45 zuwa 60, da gudun da za ka iya yin magana da na kusa da kai ba tare da haki ya yanke maka jimla ba. A ƙarshen mako ka yi doguwar fita ɗaya, ka fara da kilomita 25, kana ƙara 5 duk mako. Mako na huɗu ka rage komai da rabi. Mutane suna tsallake wannan hutun don suna jin ƙarfi, alhali a lokacin hutu ne jiki ke gina abin da atisaye ya rushe.

Daga mako na biyar zuwa na bakwai a shigo da zafi sau biyu a mako. Rana ɗaya, bayan ɗumama jiki na minti 15, ka taka da ƙarfi minti 4 har magana ta gagara sai kalma ɗaya-ɗaya, ka sassauta minti 3, ka maimaita sau biyar. Ɗaya ranar kuma ka rage gudu kamar za ka sha kwana, sannan ka miƙe tsaye ka fizga na daƙiƙa 15, ka huta minti 2, sau takwas. Wannan na biyun shi ne ainihin tseren cikin gari, domin bayan kowane shataletale ayari yana fizga, wanda bai saba ba kuwa a karo na shida ko na bakwai ake barinsa. Doguwar fitarka ta kai aƙalla kashi huɗu cikin biyar na tsawon tseren. Mako na takwas a rage yawa da rabi, a bar 'yan fizge-fizge kaɗan don ƙafa kar ta yi barci.

Ka koyi juya ƙafa da sauri a giya mai sauƙi maimakon danna mai nauyi. Ƙirga sau nawa gwiwar dama ke tasowa a daƙiƙa 15. Idan tsakanin 20 da 23 ne, kana kan hanya. Giya mai nauyi tana ba ka jin kai jarumi ne a rabin awa na farko, daga nan cinya ta ɗaure.

Ƙasar Katsina shimfiɗaɗɗiya ce, ba tudun kirki, amma iska ta maye gurbin tudu. A hunturu daga arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi hanyar Daura zai sha ta a fuska a tafiya, ta turo shi a dawowa, kuma haka ya kamata atisaye ya kasance. Wanda ya bi hanyar Dutsin-ma kuwa zai tafi kamar ana tura shi, ya ruɗu ya yi nisa, sai ya juyo ya tarar da iska da gajiya suna jiransa tare. Ka fita bayan sallar asuba da gari ya fara haske, ka dawo kafin ƙarfe tara a bazara. Kada ka bar gari kai kaɗai, kuma ka tambayi halin tsaron hanya a ranar kafin ka ɗauke ta. In ba ka natsu ba, zagayen titin zobe da manyan titunan cikin gari da sassafe ya wadatar. A watan azumi a bar atisaye mai zafi sai bayan tarawihi a titi mai fitilu, da fitila gaba da baya, ko a yi mai sauƙi na rabin awa dab da shan ruwa.

Zama cikin ayari

Mai bin bayan wani a kusa yana samun sauƙin kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfin da zai kashe in shi kaɗai ne, domin na gaba ne ke fasa iska. Shi ya sa mutum mai matsakaicin ƙarfi da ya iya bin taya yake riga ƙaƙƙarfan da ke tafiya shi kaɗai. Amma ba a koyon wannan ranar tsere. Ka nemi abokai huɗu ko biyar ku riƙa fita tare aƙalla sau ɗaya a mako tun daga mako na biyu.

Ka fara da tazarar tsawon keke ɗaya, kana ragewa a hankali har ta dawo rabin mita. Idonka kada ya kafe a kan tayar na gaba. Ka kalli ƙugunsa da abin da ke gaban kafaɗarsa, don ka ga rami tun kafin shi ya kauce masa. Babbar doka ita ce tayarka ta gaba kada ta shiga gefen tayarsa ta baya. Idan ya ɗan karkata ya taɓa ka, shi ba abin da zai same shi, kai ne za ka sha ƙasa, domin da tayar gaba keke ke daidaita kansa, an ture ta kuwa an ƙwace maka tuƙi. Yawancin faɗuwar da ke haɗa mutum biyar ko goma daga nan take farawa.

Ba a cafke birki a cikin ayari. In ka ga kana cim ma na gaba, ka fara da daina taka feda, ko ka ɗan ɗago ƙirji iska ta rage maka gudu, in bai isa ba ka shafi birki da yatsa biyu. Idan za ka miƙe tsaye, ka yi shi daidai lokacin da kake danna feda, in ba haka ba keken zai ja baya taku guda ya daki na bayanka. Babban yatsa ya zagaye kan keke koyaushe, gwiwar hannu a lanƙwashe, kafaɗa a sake. Mai sandararren hannu ko ɗan gogawa aka yi masa sai keken ya kauce. Ku sami fili mai ƙasa mai laushi ku riƙa tafiya a jere a hankali kuna jingina kafaɗa da juna, har gogayya ta daina firgita ku.

A yi magana da ƙarfi, a taƙaice. "Rami!" tare da nuna shi da yatsa. "Rairayi!" "A rage!" da tafin hannu a buɗe ta baya. "Ga ni ta hagu!" kafin ka wuce mutum. Na baya ba ya ganin komai sai bayanka, amanarsa na hannunka.

Idan kuna karɓa-karɓa a gaba, kowa ya ja na rabin minti zuwa minti ɗaya, da gudun da ya tarar, ba ƙari. Ya waiwaya, ya kauce ta ɓangaren da iska ke fitowa, ya sulale zuwa baya. Idan iska daga dama take, mafakarka tana bayan na gaba ta hagunsa, in daga hagu take, ta damansa. A irin wannan jeri na karkace ne kawai tayoyi ke kusantar shiga juna, sai a ƙara tazara ta gefe. Ka kuma saba da zaro gora, sha, da mayar da ita ba tare da ka sunkuya ka duba ba.

Ci da sha

A zafinmu jiki na buƙatar rabin lita zuwa kashi uku cikin huɗu na lita a kowace awa, wato ledar fiya wata ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Kurɓa biyu ko uku duk minti 15, tun kafin ƙishi ya zo. Ka ɗauki gora biyu, ɗaya ruwa zalla, ɗaya ruwan gishiri da suga: lita ɗaya, ƙaramin cokali shida na suga a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri, da ɗan lemon tsami in kana so. Ruwa zalla da yawa ba gishiri, ga gumi na zuba awa biyu ko uku, yana kawo kasala da ciwon kai. Don ka san naka gumin, ka hau sikeli kafin doguwar fita da bayanta. Kowane kilo da ya ragu kusan lita ɗaya ce ta fita.

Tseren da ya wuce awa ɗaya da rabi sai da ci a kan keke. Dabino biyar ko shida a awa, an cire ƙwallon tun a gida, ko ayaba ɗaya da dabino biyu, sun isa. A fara ci daga minti na 40. Wanda ya jira sai ya ji yunwa zai ga ƙafa ta mutu farat ɗaya, ido na ganin duhu-duhu, kuma daga nan sai a yi minti ashirin kafin abin da ya ci ya kai ga jini.

Daren tsere ka ci abin da cikinka ya sani, tuwon shinkafa ko shinkafa ko taliya, mai da yaji kaɗan. Da safe, awa biyu zuwa uku kafin tashi, koko ko kunu da burodi, ko shayi da burodi da ayaba. Ƙosai, wake, da fura da nono a bar su sai an dawo, suna daɗewa a ciki.

Akwai maganar da ba za a rufe ba. Wasu matasa na shan tiramadol ko haɗe-haɗen ƙwayoyi wai don kar su gaji. Hukumar keke ta duniya, UCI, ta haramta tiramadol a gasa tun 2019, saboda yana kawo jiri da mutuwar jiki da raguwar lura, kuma mai irin wannan hali a tsakiyar ayari ba kansa kaɗai zai kayar ba. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac ma kada a sha su kafin tsere, domin haɗuwarsu da ƙarancin ruwa a jiki tana cutar da ƙoda.

Jajibiri da safiyar tsere

Ka bi hanyar tseren tun saura kwana biyu ko uku, a keke ko a babur. Ka haddace inda ramuka suke, da tudun rage gudu, da bakin kwalbati, da kwanar da rairayi ya kwanta a gefenta, da inda titi mai hannu biyu ke tsukewa. Ka san alamar da za ta gaya maka saura kilomita ɗaya.

Da dare ka maƙala lambarka a riga da fil shida ko fiye don kar ta riƙa kaɗawa, ka rubuta sunanka da lambar wayar wani ɗan'uwa a bayanta. Ka haɗa tub ɗaya ko biyu, cokulan cire taya biyu, famfo, faci da sholisho, da ƙananan makullai. Gora ɗaya a cika ta rabi a sa ta ƙanƙare, a ƙarasa cikawa da safe. Ka isa wurin tashi saura awa ɗaya, ka ɗumama jiki minti 15, ka kama ruwa, ka ajiye keken a inuwa. Abin sauraren kiɗa a kunne a bar shi a gida.

Daga tashi zuwa ƙarewa

Ka tsaya a layin da ya dace da ƙarfinka. Sabon shiga da ya kutsa sahun farko zai zama cikas ga masu gudu, wanda ya tsaya can ƙurya kuma zai sha cunkoso. Ka sa giya mai sauƙi tun kafin a busa, ƙafa ɗaya a kan feda tana sama kaɗan.

Kilomita biyar na farko su ne mafi haɗari. Kowa na da ƙarfi, kowa na ɗoki, waɗanda ba su taɓa shiga ayari ba suna ta saƙa. Ka riƙe layinka, ka bar tazara fiye da yadda ka saba, ka nisanci mai waige-waige da wanda kekensa ke rawa. Idan haki ya hana ka furta kalma uku a jere a wannan matakin, ayarin nan ya fi ƙarfinka. Ka sake shi ka jira na baya, hakan ya fi maka a kan ka ƙone a kilomita goma ka yi sauran talatin kai kaɗai da iska.

Da ka sami ayarin da ya yi maka, ka nemi zama a kashi ɗaya cikin uku na gaba. Na gaba suna shan kwana kusan ba birki, na tsakiya su rage, na baya kuwa su kusan tsayawa sannan su fizga don su kamo. Mai zama a wutsiya yana yin aikin mutum biyu.

Shataletale kwana uku ce a haɗe: ka karkata dama a shiga, hagu a zagaye, dama a fita. Ka gama rage gudu tun kana miƙe, ka sauke giya ɗaya ko biyu, ka saki birki kafin ka kwanta. Fedar da ke wajen kwana ta kasance ƙasa da nauyinka a kanta, ta ciki a sama don kar ta kartar kwalta. Idonka a mafita. Kada ka yanko wa wani layi ta ciki. In tayarka ta hau rairayi, kar ka taɓa birkin gaba kuma kar ka murɗa kai, ka miƙar da keken ka bar shi ya ratsa. A tudun rage gudu ka ɗaga mazaunai daga sirdi, fedodi a daidaice, gwiwa da hannu a sake. Gefen titi kusa da lambatu a nan ƙusa da kwalba da tsidau ke taruwa, ka ba shi mita ɗaya.

A wurin ba da ruwa ka nuna da hannu, ka fita gefe tun da nisa, ka rage gudu sannan ka karɓa. Ledar da ka shanye ka cusa ta a aljihu. Jiƙaƙƙiyar leda a kan kwalta tana zamar da siririyar taya.

In taya ta sace, ɗaga hannu, ka ci gaba a miƙe har na baya su wuce, sannan ka gangara gefe. In ta baya ce, mayar da sarƙa kan ƙaramin haƙori kafin ka cire. Ka ɓalle gefe ɗaya na taya, ka zaro tub, ka bi cikin tayar da yatsa a hankali har ka sami ƙayar, in ba haka ba sabon tub ma minti biyu zai yi. Ka ɗan hura sabon ya yi siffa, ka fara da bawul, ka mayar da taya da hannu ba da cokali ba, ka duba ko'ina tub bai leƙo ba, sannan ka cika. Wanda ya gwada sau uku a gida zai gama a minti shida ko bakwai.

In aka faɗi a gabanka, ka kalli inda ke buɗe, kar ka kalli wanda ya faɗi, domin keke inda ido ya nufa yake bi. In kai ne a ƙasa, ka janye daga titi in za ka iya, ka duba kanka kafin keken. Wanda kansa ya bugu, hularsa ta tsage, ko ya rasa tuna abin da ya faru, tserensa ya ƙare, sai asibiti. Haka wanda ba ya iya ɗaga hannu, wataƙila ƙashin wuyan kafaɗa ne ya karye. Mai ciwon wuya ko baya ba a ɗaga shi sai ma'aikatan lafiya sun zo. Ƙujewa kuwa a wanke ta da ruwa mai tsabta da sabulu har ƙasa ta fita, a rufe, a tambayi allurar tetanus.

Zafin rana yana da nasa alamu: ciwon kai, tashin zuciya, tsigar jiki na tashi alhali ana zafi, jiri. Da ka ji su ka tsaya a inuwa, ka jiƙa kai da wuya, ka sha a hankali. In ka ga wani yana tangaɗi ko yana magana ba kan gado, wannan gaggawa ce. A kwantar da shi a inuwa, a cire hula, a kwarara masa ruwa a jiki duka ana fifita, a kira motar asibiti. Wanda hankalinsa ya gushe ba a ɗura masa ruwa a baki.

Saura kilomita biyu ka matsa gaba a hankali ta gefen da iska ba ta bugu. In za ka fizga, ka jira saura mita 200, hannu a ƙasan kan keke in keken tsere ne, ka tafi a miƙe ba saƙa, kai a ɗage. Bayan ka tsallake layi kada ka ja birki nan take, akwai masu tahowa a guje a bayanka, ga yara 'yan kallo da ke kwararowa titi. Ka wuce mita ɗari ko fiye sannan ka fita gefe.

Ka ci gaba da juya ƙafa a hankali minti goma kafin ka sauka, tsayawa cak bayan gudu yana kawo jiri. A cikin awa ɗaya ka ci abinci, nan ne fura da nono ke da amfani, kuma ka sha lita ɗaya da rabi a kan kowane kilo da ka rasa, a rarrabe cikin sa'o'i, har fitsari ya dawo fari-fari. In ya fito baƙi-baƙi kalar shayi tare da ciwon tsoka mai tsanani, ka je asibiti a ranar. Ka tabbatar an rubuta lambarka a sakamako kafin ka bar wurin, ka mayar da na'urar ƙidayar lokaci in an ba ka aro. Washegari ka wanke keken, ka bi tayoyi ka ciro ƙananan ƙayoyi da gilashin da suka maƙale, ka duba gargare ko ya karkace, sannan ka ba jikinka kwana biyu ko uku na tuƙi mai sauƙi kafin ka koma atisaye mai zafi.